Yadda Tajo Ya Je Ɗaukar Hoton Ragon Dutse

Wata uku cur na yi a kulle tare da Tajuddeen, wato Tajo, a hawa na sha huɗu, a Sri Petaling, lokacin da korona ta hana kowa fita a Kuala Lumpur. Mutane suna ta tsoron cuta, ni kuwa abin da ya kusa kai ni asibiti bakin Tajo ne. Da safe zai ce kakansa ya taɓa kama zaki da hannu a dajin Falgore. Da rana shi da kansa ne ya bi sawun ɓauna kwana biyu ba ci ba sha. Kafin la'asar ɓaunar ta zama uku. Kuma wannan mutumin ne idan tsaka ta faɗo a banɗaki sai ka ji ya ƙwala kira, "Adnan! Zo da tsintsiya!"

A cikin kullen nan ya yi odar wata kyamara mai dogon hanci kamar taɓarya. Tun daga ranar da aka kawo ta ba shi da aiki sai tsayawa a baranda yana ɗaukar hankaki da shanyar maƙwabta, har sai da wata tsohuwa 'yar Sin da ke gini na gaba ta fara nuna masa tsintsiya daga nesa.

Duk wannan wahalar saboda Kausar yake yi. Ɗaliba ce a jami'armu, tana digiri na uku a kan namun daji, kuma Tajo yana son ta so na gaskiya, wannan kam ni shaida ne. Sai dai mahaifinta da ke Gumel ya ce duk mai son ta ya fara bi ta hannun yayanta, Yaya Ɗayyabu, shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai Hausawa. Shi kuwa Yaya Ɗayyabu tun farko ya yanke magana. "Ba ni da matsala da kai, Tajo. Kana sallah, kana karatu. Amma tunda na san ka, ban taɓa jin ka faɗi abu na je na tarar da shi yadda ka faɗa ba. Ran da ka yi magana ɗaya tak ta tabbata, ran nan zan ba ka lambar Baba."

Da aka sassauta kulle, saura mako guda Babbar Sallah, muka haɗu a wani mamak kusa da Titiwangsa, wato irin shagunan abincin Indiyawa Musulmi da ɗalibai ke yini a ciki. An rarraba tebura, mutum biyu-biyu, don haka hira sai da ɗaga murya. Kausar tana ƙorafi a kan bincikenta. Akwai wata dabba a duwatsun bayan gari da Malayawa ke kira kambing gurun, ba ta yarda ɗan Adam ya gan ta. Wata takwas suna ɗaura kyamarori a jikin bishiyoyi, abin da suka samu kawai hoton jela.

Tajo ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa. "Au, ragon dutse kike nufi?"

"Ba rago ba ne, Malam Tajo. Tsakanin akuya yake da barewa."

"A wurinmu mafarauta ragon dutse ake ce masa. Wata takwas? Ai wuni ɗaya ya ishe ni. In hau da safe, kafin azahar hotonsa yana guruf ɗin ƙungiya a waya."

Ta zaro waya. "To bari in nuna maka kamanninsa a littafi."

"Ajiye wayarki. Mafarauci ba ya kallon hoto, ƙamshi yake bi."

Yaya Ɗayyabu daga teburinsa ya ajiye kofin shayi. "Jama'a, kun ji ko? Kafin azahar. Kai da kanka za ka ɗauka?"

"Da hannun nan nawa, Yaya."

"Boleh," in ji Yaya Ɗayyabu, wato ya yarda. "Ka kawo hoto, ka karɓi lamba."

Ni dai na san ba zan tsira ba, domin ni kaɗai ne mai lasisin tuƙi a gidan.

Shirin Tajo ya tsaya a kan abu ɗaya, kanwa. Ya ce dabba duk dabba ce, daga tunkiyar gida har ta dawa, babu wadda za ta ji ƙamshin kanwa ta wuce. Matsalar ita ce jirage sun daina tashi, babu mai zuwa daga gida, kanwa ta fi turare tsada a garin. Mutum ɗaya ce ta rage da ita, Anti Sakinatu, matar Yaya Ɗayyabu. Muka je har ƙofar gidanta. Ta fito da ƙullin leda, tafin hannunta na dama ja wur da lalle.

"Anti, biki ake yi ba a gaya mana ba?" na tambaye ta.

"Wane biki a wannan zamani? Gonar Pakcik Hafiz muka je jiya, na yi wa ragon layyarmu shaida. A gidanmu haka ake yi, a kwaɓa lalle a manna masa, kada ya cakuɗe da na mutane." Ta miƙa wa Tajo ledar kamar mai ba da ajiyar zinariya. "Ɗan gutsure za ka ɗiba ka dawo mini da saura. Ita ke nan gare ni, da ita zan yi miyar kuɓewar Sallah."

"Anti, ko lasa ɗaya ba zai yi ba zan ɗauke shi," in ji Tajo.

Ranar Talata da sassafe muka kama hanya. Hanyar hawa dutsen ta gefen gonar Pakcik Hafiz ɗin take, dattijon Bamalaye (Pakcik kamar kawu ne da Malayanci) da 'yan ƙungiyarmu ke sayen dabbar layya a wurinsa duk shekara, kuma a nan masu hawa ke ajiye mota. Tajo ya fito cikin koriyar rigar ruwa ta roba har gwiwa, wai don ya saje da daji, da sabon takalmi da ko lambar kanti bai cire ba, da takunkumi biyu, ɗaya kan ɗaya. Ya ce kada ya shafa wa ragon dutse wata cuta a ce ɗan Najeriya ne ya ƙarar da irin.

Pakcik Hafiz ya tare mu da na'urar auna zafin jiki. Ya ɗora a goshina, lafiya lau. Ya ɗora a na Tajo, na'urar ta hau kuka. Dattijon ya yi tsalle baya.

"Zazzaɓi, lah! Ba ka hawa!"

"Pakcik, jinin mafarauta ne, da ma da zafi yake."

"Rigar roba ce ta dafa shi," na ce.

Sai da aka zaunar da jikan mai kama zaki a gaban fanka minti ashirin, ana auna shi kamar ruwan wankan jariri, sannan ya huce. Pakcik ya yi mana kashedi biyu. Na farko, mu zagaya ta bayan shinge, kada mu taɓa ƙofar garke. Na biyu, mu cusa ƙafar wando cikin safa saboda matsattsaku, tunda an yi ruwa.

Muna shan kwana Tajo ya dubi zagayen, ya ga nisa. Ya dubi ƙofar garke, ya ga hanya ta miƙe. Kafin in buɗe baki ya kwance igiyar, muka ratsa ta gefen rumfar dabbobi, muka fita ta ƙofar baya.

"Tajo, koma ka ɗaure igiyar yadda ka same ta."

"Zan yi mata abin da ya fi haka. Ƙullin mafarauta. Giwa ma ba ta kwance shi." Ya yi wani naɗe-naɗe mai kyan gani, ya tofa masa yawu ta ƙasan takunkumi, muka wuce.

Ba mu yi rabin awa ba sabon takalmi ya fara cin dunduniyarsa. Numfashinsa kuma yana fita ta saman takunkumi yana rufe gilashin idonsa da tururi, sai ya riƙa yi wa kututture sallama. Sau biyu yana ɗaga mini hannu, "Shhh! Ga shi can!" Na farko dutse ne, na biyu wata tsohuwar taya. Daga nan ya tsaya cak, ya ce yana jin wani abu mai sanyi a ƙaurinsa. Ya ɗaga wando. Matsattsaku huɗu sun yi layi, sun sha sun yi ɓul-ɓul.

Ihun da ya yi, na tabbata duk wani ragon dutse da ke ƙasar ya ji shi. Ya zaro kwalbar man tsaftace hannu ya juye rabi a ƙafar, zafin ya sa shi rawa da ƙafa ɗaya, ya zame ya zauna daɓas a kan wani kaifin dutse. A nan ledar kanwar da ke aljihun bayansa ta huje, amma ba mu lura ba a lokacin.

"A Falgore babu irin waɗannan?" na tambaye shi.

"Namu suna da tarbiyya."

Muka zauna mu ci shinkafar da na yo tapau daga mamak, wato na sa aka ƙulle mana a takarda. Birai suka sauko suka kewaye mu. Tajo ya ce in bar shi da su, ya san yarensu. Ya ƙura wa babbansu ido, ya yi wani gurnani. Birin ya matso a natse, ya ɗauke ƙunshin shinkafar daga cinyarsa, ya haɗa da murfin kyamarar, ya hau bishiya. Ni da na ɓoye nawa a riga, sai da muka raba, ya kuma cinye ƙwan.

Wajen ƙarfe sha ɗaya muka iso wani fili a ƙarƙashin wani dogon dutse tsaye kamar bango. Tajo ya shaƙi iska ta takunkumi biyu ya ce nan ne. Ya laluba aljihu, ya ga kanwar ta zube fiye da rabi. Bai damu ba. Ya farfasa saura a kan wani faffaɗan dutse, ya zuba ragowar garin a aljihu, muka kwanta a bayan wani daji. Sauro ya yi walima da mu.

Wallahi ban yi zaton za mu ga ko ɓera ba. Amma ba a yi minti arba'in ba sai ga ganye yana motsi ta hanyar da muka biyo. Wani baƙin kai ya ɓullo, da ƙahoni naɗaɗɗu, da geza a wuya. Ya hau kan dutsen nan ya tsaya, ya ɗaga kai, rana ta haske shi. Na ce a raina, yau Allah ya rufa wa maƙaryaci asiri.

Tajo ya danna kyamara ba ƙaƙƙautawa. "Ka gani? Ka gani, Adnan? Wata takwas!"

"Tajo, ƙahon nan fa kamar na…"

"Yi mini shiru. Me ka sani a daji, ɗan Fagge?"

Kyamarar tana tura hoto waya kai tsaye, kuma a wurin akwai sabis sanda ɗaya. Na ce ya tsaya mu duba. Ina! Ya zaɓi duka talatin da biyu ya watsa a guruf ɗin ƙungiya mai mutum ɗari da sittin. Ya rubuta a ƙasa: "Ragon dutse. Ƙarfe sha ɗaya da hamsin. Yaya Ɗayyabu, ina jiran lamba."

Dabbar ta lashe kanwar kan dutse tas. Ta ɗaga hanci, ta juyo wajenmu, ta taho kai tsaye ba tsoro ba fargaba.

"Kwarjini ne," in ji Tajo cikin raɗa. "Sun san jinin gidanmu." Amma ya fara ja da baya.

Da ya ga abin da gaske ne sai ya miƙe ya juya zai gudu, aljihun kanwa ya fuskanci dabbar. Ta cafki aljihun da haƙori ta ja, Tajo ya ja, wando ya ce ɓarrr tun daga ƙugu har cinya. Dabbar ta ji haushi an hana ta, ta ja baya taku uku ta zuba masa karo. Ban san mutum mai rigar roba zai iya hawa bishiya da sauri haka ba. Ya maƙale a reshe ya rungume shi, ya juya mana baya, yana kiran sunan mahaifiyarsa, gajeren wandonsa mai zanen ayaba yana kaɗawa a fili.

Ni kuwa dariya ta kayar da ni. Na tuna wata ukun da na yi ina jin labarin ɓauna, na zaro wayata na ɗauke shi hoto ɗaya, don tarihi. A lokacin ne dabbar ta juya mini baya. Gabanta baƙi ne, amma daga ciki zuwa baya fara ce sol, kamar uda. A kan ɗuwawunta na hagu kuwa ga tafin hannu ja wur, da yatsu biyar.

"Tajo," na ce, "ragon dutsenka ya sha lalle."

Wayarsa da ta faɗi ƙasa ta fara ƙara ba tsayawa. Na ɗauka ina karanta masa, yana bisa.

"Wani ya ce ma sha Allah, ashe namun dajin Malesiya ma suna zuwa gidan ƙunshi."

"Ƙarya ne, hassada ce!"

"Wani ya ce a duba hoto na ashirin da bakwai. Anti Sakinatu ta turo murya, in kunna?"

"Kada ka kunna."

Na kunna. "Wannan ai hannuna ne! Ragonmu ne! Me ya kai shi kan dutse? Tajuddeen, ina kanwata?"

Saƙon Yaya Ɗayyabu gajere ne: "Pakcik ya kira ni. Garke a buɗe, raguna tara sun fita. Ku sauko mini da nawa da ransa."

Saukowar ta fi hawan wuya. Ragon ya ƙi bin kowa sai aljihun Tajo, don haka Tajo ne a gaba, ya ɗaura rigar ruwa a ƙugu kamar zani, yana ɗingishi, rago na biye da shi yana sunsuna, ni kuma ina riƙe da igiyar kyamara da muka ɗaura masa a wuya. Duk inda Tajo ya rage sauri sai rago ya tuna masa.

Muna isowa gonar bayan azahar muka tarar da mutane kusan ashirin, duk masu ragunan layya, kowa da takunkumi, an ba da tazara kamar sahun sallar korona. An kamo raguna takwas daga lambun barkonon matar Pakcik, bayan sun yi masa aski. Ga Yaya Ɗayyabu, ga Anti Sakinatu, ga Kausar a gefe ta harɗe hannu. Pakcik Hafiz yana riƙe da igiyar ƙofa.

"Wa ya yi wannan ƙulli?" ya tambaya. "Iska ma ta kwance shi, lah."

"Birai ne, Pakcik," in ji Tajo. "Biran nan naku sun iya kwance komai."

"Su ne kuma suka zuba kanwa tun daga tsakiyar hanya har sama?" in ji Anti Sakinatu. "Miyar Sallata ka barbaɗa wa daji!"

"Anti, dabara ce. Rago na gida shi ake fara jawowa, na dawa ya biyo ƙamshinsa."

"To ina na dawan?" wani ya tambaya daga baya.

"Ya zo, ya ga Adnan, ya koma."

A nan ne raina ya ɓaci. Na zaro waya na miƙa wa Kausar. "Ga abin da ya faru, ki gani da idonki."

Ta kalla, kafaɗunta suka fara rawa don dariya. Sai kuma ta tsaya. Ta sa yatsu biyu ta buɗe hoton, ba wajen bishiyar ba, can sama ta kusurwar dama. Ta ƙara buɗewa. Sai ta yi wata ƙara da ta sa ragon ya zabura.

"Yaya! Shi ne! Wallahi shi ne!"

Aka manta da tazara, kowa ya leƙo. A kan wani tudu a jikin dogon dutsen nan, sama da kan Tajo kaɗan, wata baƙar dabba ce tsaye, mai gajerun ƙahoni da manyan kunnuwa kamar na jaki, ta leƙo tana kallon mutumin da ke kan reshe. Duk jikinta ya fito, har jelar. Ashe ita ma kanwar ce ta sauko da ita, hayaniya ta tsayar da ita.

Tajo ya gyara ɗaurin rigar ruwa. "Ban gaya muku ba? Na ce kanwa…"

"Dakata," in ji Yaya Ɗayyabu. "Cewa ka yi kai za ka ɗauka da hannunka. Adnan ne ya ɗauka. Wannan ta faɗi." Ya karɓi wayar ya ƙura mata ido. "Amma ina da tambaya. Wannan bawan Allah da ke kan bishiya, ba a ganin fuskarsa, baya kawai ya ba mu. Mai wandon ayaba. Wane ne?"

Na san Tajo, na ga ƙarya uku sun taso masa lokaci guda, har leɓensa ya motsa a bayan takunkumi. Yana iya cewa wani mai hawan dutse ne muka tarar. Ya dubi jama'a, ya dubi Kausar. Ita ba dariya take yi ba yanzu, jira kawai take. A karon farko tunda na san shi, na ji tausayinsa har cikin raina.

"Ni ne, Yaya," ya ce a hankali.

"Me kake yi a can? Dabara ce?"

"Gudu na yi. Tsoron ragon na ji."

"Ƙofar garke fa?"

"Ni na buɗe."

"Kakanka da zaki?"

"Tela ne, Yaya. A Kantin Kwari."

Dariyar da aka yi har matar Pakcik ta fito daga kicin tana tambayar me ya faru. Yaya Ɗayyabu kaɗai bai yi ba. Ya zagaya bayan Tajo, ya ɗaga gefen rigar ruwa kaɗan, ya duba ayabar, ya duba hoton, ya gyaɗa kai.

"To, yau dai ka faɗi magana na je na tarar da ita yadda ka faɗa. Kawo wayarka."

Sai da Tajo ya yi Asabar uku yana dashen barkono a lambun matar Pakcik, kuma har aka buɗe filin jirgi Anti Sakinatu ba ta amsa gaisuwarsa sai da tsaki. Kausar ta saka hoton a kundin bincikenta, da sunana a ƙasa. Ya roƙe ta ta yanke ɓangaren bishiyar, ta ce ba zai yiwu ba, dole a bar mutum a ciki don a gane girman dabbar.

Yanzu da suka yi aure, hoton yana rataye a falonsu, ita ta sa aka yi masa firam. Kwanaki na je na tarar yana nuna wa wani sabon ɗalibi. "Ka ga nan? Na hau sama ne da gangan, na ba shi baya don kada ya ji kunyar fitowa…"

Daga kicin Kausar ta ce, "Malam Tajo?"

Ya sosa ƙeya. "Rago ne ya biyo ni," ya ce. "Amma fa ƙato ne."